UWAR KUƊI DA RIBA: NASIHA GA MAI KULA DA KANTINSA YA MANCE DA KANSA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai arzuta bayinSa, Mai yi musu hisabi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Hadiza tun kafin a aiko shi, ƴan kasuwa suka shaide shi da amana, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wani abu da na gani da idona wanda ya daɗe yana ci mini rai, shi ne dalilin wannan nasiha.

An taɓa kira na rabon gadon wani ɗan kasuwa, mutumin kirki, wanda ba a rasa shi a sahun farko. Da muka zauna sai babban ɗansa ya kawo mana kaye huɗu na lissafin kanti. Na buɗe, na yi mamaki. Kowane katan na sukari da sabulu, kowane jarkar mai, ranar da ya shigo da ranar da ya fita, duk suna rubuce. Wanda ya ɗauki kayan dala ashirin bashi, sunansa na nan. Amma da aka zo ga abin da ke wuyan mamacin shi kansa, ba mu sami ko layi ɗaya ba. Wata gwauruwa ta zo ta ce ta ba shi ajiyar kuɗin marayunta shekara uku da suka wuce, ba shaida, ba takarda. Ƙaninsa ya ce gonar bayan gari tasu ce su biyu. Aka tambayi iyalinsa wane wata yake fid da zakka, ba wanda ya sani. Muka yi wata huɗu muna kai da kawowa, kuma kafin a gama, ƴaƴan ɗaki biyu sun daina gaisawa. Allah Ya gafarta masa. Ban kawo labarinsa don in tona masa asiri ba, na kawo shi ne domin da yawa daga cikinmu haka muke: mun iya tafiyar da kanti, ba mu iya tafiyar da kanmu ba.

To, mene ne wanga ilimi da ɗan kasuwa yake da shi, wanda yake barinsa a bakin kasuwa in zai koma gida? Kowane yaron kanti a Maraɗi ko Damagaram ya san shi. Ya san akwai uwar kuɗi, akwai riba, kuma wanda ya fara cin uwar kuɗi yana zaton riba yake ci, karyewarsa ta zo ko da kantinsa cike yake da kaya. Ya san ba a barin ciniki a ka, rubutawa ake yi. Ya san akwai ranar ƙidayar kaya, ranar da ake rufe ƙofa a duba abin da ke kan kanta a gwada shi da abin da ke cikin littafi. A makarantun boko akwai fanni guda da ake karantarwa a kan haka, kuma wani injiniya Bafaranshe mai suna Fayol ya rubuta tun 1916 cewa aikin mai tafiyar da kamfani bai wuce hangen gaba, da tsara aiki, da ba da umurni, da haɗa kan ma'aikata, da bin sawun abin da aka yi ba. Magana ce mai kyau, kuma hikima abin neman mumini ce duk inda ya same ta. Sai dai kada wani ya zaci baƙuwa ce gare mu.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, watau 1111, ya keɓe babi guda cikin Ihya'u Ulumiddin a kan yi wa kai hisabi, kuma da misalin kasuwa ya gina shi. Ya kamanta hankalin mutum da ɗan kasuwa, zuciyarsa kuwa da abokin tarayya wanda aka ba dukiya ya juya, alhali an san in aka ɗauke ido zai yi ha'inci. Me mai dukiya yake yi da irin wannan aboki? Da safe ya kafa masa sharaɗi, da rana ya sa masa ido, da dare ya zaunar da shi su yi lissafi, in ya sami giɓi ya sa shi ya biya. A lissafin Gazali farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli su ne riba, saɓo shi ne hasara. Ku dubi wannan da kyau, bayin Allah, domin a nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Mutum ya raya dare da nafila ya makara sallar Asuba. Mutum ya yi kyautar bajinta a wurin biki, maroƙa su yi ta kiran sunansa, a gida kuwa ba a ɗora tukunya ba, alhali ciyar da iyali wajibi ne a kansa. Mutum ya biya kujerar Hajji ta uku yana bin bayan gida don kada ya haɗu da mai binsa bashi. Duk waɗannan riba suke kora, uwar kuɗi tana zurarewa ta bayansu.

Sa'an nan akwai wata uwar kuɗin da ta fi wannan ɓuya, ita ce kwanakin da aka ba ka. Suratul Asri, ayoyinta uku kacal, da zamani Allah Ya yi rantsuwa a cikinta, kuma kalmar da Ya zaɓa ga halin ɗan Adam kalmar kasuwa ce, hasara. Ya tabbata cikin hadisi cewa daga abubuwan da za a tambayi bawa ranar ƙiyama akwai rayuwarsa, a me ya ƙarar da ita, da dukiyarsa, ita kuwa tambaya biyu ce a kanta: ta ina ta shigo, ta ina ta fita. Shige da fice ke nan, irin na littafin kanti.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. Wanda yake barcin awa takwas kullum, in ya kai shekara sittin, ashirin daga cikinsu barci ya yi, kuma ba laifi a wannan, jiki na da haƙƙinsa. Amma wanda yake zaman awa biyu kullum a fada, ana zuba shayi na ɗaya da na biyu da na uku ana tsinka naman mutane, ko kuwa yana kwance yana jan yatsa a kan salula daga wannan hoto zuwa wancan, a shekara ya kashe awa 730, watau wata guda cif, dare da rana. Da za a ce da shi ya rufe kantinsa wata guda a shekara ba gaira ba dalili, zai ce ana son a karya shi. Haka kuma dala arba'in da ake sakawa a waya kowace rana, wadda ba a ɗauke ta a bakin komai ba, in shekara ta zagayo ta zama jikka 73. Ban ce hira haramun ce ba, ban ce a jefar da waya ba, ni ma ina da ita a aljihu. Abin da nake cewa shi ne a san farashinta, kamar yadda ake sanin farashin komai kafin a saya. Kuma Allah Ya riga Ya yanka mana yini gida biyar da salloli. Wanda ya ce tsakanin Asuba da hantsi karatu ne da shirin fita, tsakanin Magariba da Isha'i na ƴaƴana ne in ji haddarsu in duba abin da aka koya musu, ya sami tsarin da bai biya ko tamma a kansa ba.

Yanzu mu shiga gida, inda abin ya fi zafi.

Kowace shekara muna ganin abu guda. Kaka ta yi, an cika rumbuna, hatsi ya yi arha a kasuwa. A daidai wannan lokaci ne ake ɗaura aure, ake ƙara ta biyu, ake ɗinkuna, ake sayen babur. Da me? Da hatsin nan mai arha. Sai bazara ta kama, sai damana ta faɗi, lokacin da manomi yake bukatar ƙarfin noma, sai a buɗe rumbu a tarar da ƙaiƙayi. Sa'an nan mai gida ya koma wurin wanda ya saya a hannunsa da kaka, ya sayo hatsinsa na jiya da tsada, ko ya karɓi bashi a kan zai biya da amfanin gonar da bai ma shuka ba, ko ya bar tasa gonar ya tafi ƙwadago a ta wani. Wasu irin shuka ma suke dakawa. Wannan shi ne cin uwar kuɗi tsirara, domin iri ba abinci ba ne, gonar baɗi ce. Waɗanda suka ga yunwar 1984 da ta 2005 a wannan ƙasa ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Alhali lissafin ba shi da wuya. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne. Gidan da yake cin tiya biyu a yini zai ci tiya 730 a shekara, watau buhu 18 da ƴan kai. Wannan adadi ba naka ba ne, na bakunan da Allah Ya ɗora maka ne. Ka fara fid da zakka in amfanin ya kai nisabi, wusƙi biyar, watau sa'i 300: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka shayar da wahalar ban ruwa. Ka ware iri. Ka ware cimakar shekara. Abin da ya saura bayan haka shi ne kake da iko ka yi buki da shi, in kuwa ba abin da ya saura, to a yi bukin daidai ruwa daidai tsaki. Ma'aikaci mai albashi da ɗan kabu-kabu da mai tireda su ma haka ne, sai dai su a wata ko a mako za su yi nasu lissafin. Kuma ɗan kasuwa ya raba aljihun kanti da aljihun gida, ya yanka wa kansa abin cefane sananne kamar albashi, kada duk wanda ya zo da bukata a zura hannu cikin akwatin ciniki.

Na san abin da wani zai ce, domin an sha faɗa mini: Malam, wannan ai rashin tawakkali ne, bakin da Allah Ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne Allah ne Mai arzutawa, wanda ya yi shakkar haka imaninsa na da rauni. Amma wa ya fi Annabi Yusufu tawakkali? Da aka kawo masa mafarkin sarkin Masar bai ce a zauna a jira ba. Ya tsara musu shekara bakwai na noma ba hutawa, ya ce abin da aka girbe a bar shi cikin zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci, domin shekaru bakwai na tsanani masu zuwa. Kakanninmu da suke jera dammai cikin rumbu ba tare da sun sussuke ba, wannan hikimar suke bi, don hatsi ya fi daɗewa a zangarniya. Sa'an nan ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ambaci siffa biyu da suka sa ya cancanta, tsarewa da sani. Annabinmu kuma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tabbata daga Sayyidina Umar cewa yakan ware wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir. Da wani mutum ya tambaye shi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, umurtarsa ya yi da ya haɗa biyun. Ku dubi Hijira ma: an tanadi raƙuma biyu tun da wuri, an ɗauki ɗan jagora da ya san hanya, an ɓuya kwana uku a kogon Sauru, an sa mai kawo labari da mai kawo abinci da mai kora tumaki su shafe sawu. Wanda Mala'ika Jibrilu yake zo masa ke nan. Kai da ni fa? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsari ba ya hana ƙaddara, wannan kam haka ne. Daren 11 ga Janairu 1994 mutane sun kwanta faran ɗin Faransa ɗaya yana dala goma, suka wayi gari yana dala ashirin, kayan da ake shigowa da su suka tashi, wanda ya ci bashin kaya daga waje ya ga bashinsa ya ninka bai ƙara ko allura ba. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba 2020, a 2023 kuma aka sake rufewa, fatake na Maraɗi da Ƙonni suka ga abin da suka gani. Ba wanda ya tsara waɗannan a littafinsa. Amma ku tambayi dattawan kasuwa su wa suka miƙe bayan guguwar. Mafi yawa waɗanda ba su zuba dukkan abin da suka mallaka a hanya ɗaya ba ne, suna da ɗan abin da suka ajiye gefe, bashin da ke kansu kuma bai fi ƙarfinsu ba. Gida ma yana da irin tasa guguwa: ciwon dare, takardar magani, haihuwa mai gardama, rasuwa. Wanda yake ajiye ko da dala ɗari a mako saboda irin wannan rana bai munana zato ga Allah ba.

Batun bashi kuwa, ana cewa hanji ne yana cikin kowa, to amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka: a rubuta shi, ƙarami ne ko babba, da ajalinsa, a kafa shaidu. Mu kuwa kunya muke ji. Wai in ka ce a rubuta, ka nuna ba ka yarda da ɗan'uwanka ba. Ya ɗan'uwa, rubutun ba don kai da shi ba ne kaɗai, don ranar da ɗayanku ba ya nan ne, ranar da gwauruwa za ta tsaya gaban magada ba ta da abin nunawa sai hawaye. An kawo gawar wani mutum gaban Manzon Allah ana binsa ƴan dinarai kaɗan, ya ƙi yi masa salla sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Kuma a rabon gado, bayan hidimar jana'iza, bashi ake fara biya, sa'an nan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan magada. In ba a san bashin ba, duk abin da aka raba a bayansa akwai shubuha a ciki, ƴaƴanka ne kuma za su ci.

Wani abu da manyan ƴan kasuwa suka sani shi ne mutum ɗaya ba ya riƙe komai. Akwai mai tsaron kanti, akwai mai zuwa sari, akwai mai riƙe littafi. Amma a gida sai ka ga mai gida ya ɓoye wa matarsa komai, ba ta san abin da ke shigowa ba, ba ta san abin da ake binsa ba, sa'an nan ya yi ta ƙorafin ta cika ɓarna. Yaya za ta yi tattalin abin da ba ta san iyakarsa ba? Ita ce take auna tiyar nan kullum, ta fi ka sanin ranar da buhu zai ƙare. Mata da yawa da adashi da kiwon awaki suke rufa wa gida asiri mai gida bai sani ba. Annabi ya karɓi shawarar Ummu Salama ranar Hudaibiyya a kan al'amarin da ya shafi al'umma gaba ɗaya, balle kai a kan buhun hatsi.

Sai dai a nan dole in ja muku linzami, kada misalin kasuwa ya wuce da mu inda bai kamata ba. Kamfani yana sallamar ma'aikacin da ya daina kawo riba. Kai ba ka sallamar tsohuwarka don ta daina aiki, ba ka auna ɗan'uwanka matalauci da abin da yake kawo maka. A littafin kanti sadaka fita ce, a littafin da mala'iku suke rubutawa kuwa ita ce abin da ya tabbata naka. Na ga mutanen da suka koyi lissafi sai ya mai da su marowata, baƙo ya zo suna ƙidaya lomarsa. Wannan bai fahimci komai ba. Ana tsari ne don a sami abin bayarwa, don ranar da maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa da dare kada ka ce babu alhali da ka yi tattali da akwai. Abdurrahman ɗan Aufu ya iso Madina ba shi da komai, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, ya dawo da ɗan cuku da man shanu. Daga nan ya zama cikin mafiya dukiyar sahabbai, kuma cikin mafiya kyautarsu. Sa'an nan ku tuna wanda Annabi ya kira matsiyacin gaskiya: mutumin da zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan masu haƙƙi har ya ƙare, a kwaso zunubansu a ɗora masa. Kanti cike da kaya, bashi ya fi kayan yawa.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowane mai gida da ya karanta wannan takarda ko aka karanta masa. Kafin Juma'a mai zuwa ya sayi kaye guda, ba na kanti ba, nasa na kansa. Ya rubuta abin da ake binsa da sunayen masu shi, da abin da yake bi, da ajiyar mutane da ke hannunsa, da gona ko gida ko dabbar da yake tarayya da wani a kanta, da watan da zakkarsa take cika, da azumin da ake binsa. Ya rubuta abin da gidansa yake ci a wata, da abin da yake nufin cimmawa kafin wata kakar in Allah Ya kai rai, ko sauke izu biyar ne, ko biyan bashin wane, ko sa yarinya makaranta. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa ko limamin unguwa ya rubuta masa, a sa mutum biyu amintattu su shaida. Hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, bai ba mai abin yin wasiyya damar ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Kayen nan kuma a gaya wa uwargida da babban ɗa inda aka ajiye shi, a riƙa buɗe shi duk farkon wata ana gyarawa, wanda aka biya a soke, wanda ya ƙaru a ƙara.

Ita kuwa waccan baiwar Allah mai kuɗin marayu, daga baya ɗaya daga cikin ƴaƴan mamacin ya biya ta daga nasa rabon, sauran suka ce ba su san zancen ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sanya albarka a rumbunanmu da kwanakinmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.